Damin gaisuwa: labarin Baffa, jikan bayin gandu

Baffa manomi ne a wani ƙauye na kudu maso gabashin Kano, wajen iyaka da Jigawa, yankin da tsofaffin sarakuna suka kafa garuruwan ribaɗi saboda harin Ningawa. Ya rasu yana da shekara wajen tamanin. Kafin rasuwarsa ya tara 'ya'yansa ya ba su labarin gidansu, ya ce a rubuta, amma a sakaya sunansa da na garin, domin akwai 'yan matan gidan da ba su yi aure ba tukuna. Mu da muka rubuta, aikinmu zaman sulhu ne kan rikicin gona da na aure a karkara, don haka duk inda labarin ya taɓo shari'a ko tarihi mun ƙara bayani gwargwadon abin da ya kamata mai karatu ya sani.

An kamo kakansa yana yaro daga wajen duwatsun ƙasar Ningi, zamanin Sarkin Kano Alu, wanda ya hau karaga a 1894 bayan yaƙin basasa. Ya bi ta hannun dillalai har ya faɗo hannun wani attajiri mai gandu, aka sa masa suna Nagode. Baffa ya riski tsohon, ya ce yana da tsaga a fuska irin wadda babu mai ita a garin, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa wa kowa sunan da uwarsa ta raɗa masa ba. A rinji aka ajiye shi, wato ƙauyen bayi da ake kafawa a gefen gandun ubangida. Irin waɗannan gandaye sun cika ƙasar Kano a lokacin. Sarki kansa yana da manya a Fanisau da Ɗorayi da Nassarawa.

Tsarin aiki a rinji sananne ne. Da hantsi sarkin gandu, wanda shi ma bawa ne, zai fito da mutane gonar ubangida, a yi ta noma har azahar, abincin rana daga gidan ubangida yake zuwa. Bayan azahar kowa ya wuce gayaunarsa, ɗan fegin da aka yanka masa, abin da ya noma a nan shi ne na ɗakinsa. Juma'a ba a fita. Wanda ya iya saƙa ko rini ko wata sana'a yana iya roƙon a sake shi ya yi aikin kansa yana biyan murgu, wani adadin kuɗi da ake yanka masa lokaci-lokaci. Murgu daban, fansa daban: komai daɗewar da mutum ya yi yana biyan murgu, yana nan a bawa sai ya tara kuɗin fansar kai. Idan bawa ya auri baiwa, 'ya'yan na mai baiwar ne, shi ke ba da ragon suna, su ne cucanawa. Al'ada ba ta yarda a sayar da bacucane ba sai da babban dalili, amma ana gadonsa tare da gonar.

Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Tun a 1901 Gwamna Lugga ya yi shelar cewa duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, kuma an hana kamu da cinikin bayi. Waɗanda ke hannu kuwa ba a sallame su ba, an ce su je gaban alƙali su fanshi kansu. Turawa na gudun kada gandaye su watse, noma ya ja baya, haraji ya faɗi, shi ya sa ba su so bayi su riƙa guduwa ba. Sai a 1936 doka ta soke bauta ɗungurungum a Arewa. Babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta raba wa bayi gona. An 'yanta mutum an bar shi tsaye a ƙasar wani, kuma daga nan duk abin da ya sami zuriyar Nagode ya samo tushe.

An haifi mahaifin Baffa wajen lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ke nan ɗa ne a doka tun daga ranar sunansa. Ya gaji gayaunar ubansa, eka ɗaya a bakin gari, ƙasa mai kyau da ta sha taki shekara da shekaru. Da kasuwar gyaɗa ta buɗe sai ya je wajen dagaci ya nemi daji, aka nuna masa wani jigawa mai nisan tafiyar awa guda, ya sare da hannunsa, eka huɗu. A idonsa duka biyun gonakinsa ne. Amma kowace kaka, kafin a zuba hatsi a rumbu, sai ya ɗaura damin gero ɗaya da na dawa ɗaya a jaki ya kai babban gida, gidan zuriyar attajirin nan. Ana ce masa damin gaisuwa. Baffa ya tashi ya tarar ana kaiwa, shi ma ya ci gaba.

Ga yadda ya kwatanta kai damin. Za ka sauke a ƙofar gida, ka cire takalmi tun daga waje, ka yi sallama. Mai gidan yana zaune a kan buzu a zaure, jama'arsa a kan tabarma. Kai ba ka hawa tabarmar, a ƙasa kake durƙusawa daga gefen ƙofa ka ce, "Ranka ya daɗe, ga ɗan abin da Allah ya hore." Shi kuma ya kira ka da sunanka tsirara, ya tambayi mutanen gida, ya sa a ba ka goro. Lokacin da gidan ya koma hannun jika, Baffa ya girme shi da shekara ashirin, amma haka aka ci gaba: yaron na kiran sunansa gatsau, shi yana cewa ranka ya daɗe. Idan ana biki ko suna a babban gida, ba sai an aiko ba. Matan gidan su Baffa su ne daka da surfe da girki da wanke-wanke, mazan su kafa rumfa, su yi fiɗa, a ba su kai da ƙafa da kayan ciki.

Bai taɓa kiran mutanen nan azzalumai ba, kuma ya nace a rubuta hakan. A farin 1973 zuwa 1974, da rumbunan ƙauyen suka ƙare, mai babban gida ya buɗe nasa ya auna musu dawa bai ce su biya ba. Da sallah ana ɗinka wa tsofaffinsu riga. Ya ce, "Sun riƙe mu, amma riƙon da ake yi wa abin hannu. Ranar da ɗana ya nemi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da irinsu, ranar na san inda aka ajiye ni."

Mutane na cewa gidan su Baffa talakawa ne don ba su da zuciyar nema. Duk wanda ya san noma ya san ba haka lissafin yake ba. Gonar bakin gari ana kai mata taki da mangala sau da yawa a yini. Gonar da ke tafiyar awa guda, jaki ɗaya ba zai yi mata fiye da sawu biyu ko uku ba, kuma wanda ba shi da shanu ba shi da takin kirki tun farko. Jigawa da ba ya samun taki yana gajiya, ƙuduji ya kama gero da dawa. Hatsin gida ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba. A daidai lokacin ne ake noman fari, wanda ya kamata a yi cikin mako biyu zuwa uku bayan shuka. Mai rumbu a cike yana ɗaukar 'yan ƙwadago ya gama nasa a kan kari. Wanda rumbunsa ya ƙare shi ne ɗan ƙwadagon, yana nome gonar wani don ya sami abin sa wa a tukunya yau, tasa gonar ciyawa na cinye ta. Kafin ya waiwaye ta an makara, maimai ma ya zo a makare, amfanin ya ragu. Idan abin ya yi tsanani sai a ci bashin dami ɗaya a biya biyu da kaka, baɗi ke nan an fara da giɓi. Da cutar gyaɗa ta 1975 ta lalata amfanin da suke samun kuɗi da shi, sai Baffa ya koma cin rani a Kano, yana dako da ga-ruwa daga kaka zuwa faɗuwar ruwa. Wannan ya sami talakawa da yawa waɗanda ba jikokin bayi ba. Bambancin shi ne gidajen rinji kusan gaba ɗayansu daga wannan matsayi suka fara.

Abu biyu suka sassauta masa. Ya ce mahaifinsa ɗan NEPU ne tun farkon kafa ta a 1950, domin ita ce ta fara cewa talaka mutum ne a gaban hakimi, kuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, a shekarar ce ya fara sayen tunkiya da kuɗin da a da yake kai wa dagaci. Na biyu shi ne shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya sa babban ɗansa a aji. Yaron ya yi kwalejin horon malamai, ya dawo yana koyarwa, yana da albashi da babur da ɗaki mai kwano.

A nan ya kamata a tsaya a duba ƙasashen da wannan cuta ta raina mutum saboda asalinsa ta fi bayyana, domin ta nan ake gane yadda take aiki. A Amurka, yankin Bajiniya ya yi doka a 1662 cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, don haka ɗan da farar fata ya haifa da baiwarsa bawa ne, yana iya sayar da shi. An soke bauta a 1865. A Janairun shekarar an yi umarnin raba wa 'yantattu filaye har eka 40 kowane gida a wani yanki na kudu, amma Shugaba Andrew Johnson ya janye shi kafin shekarar ta ƙare, mutane suka koma noman raba-daidai a gonakin tsofaffin iyayen gidansu. Dokokin hana aure tsakanin baƙi da fari ba su faɗi gaba ɗaya ba sai da kotun ƙoli ta rushe su a 1967. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta ninka ta gidan baƙar fata kusan sau shida. A Afirka ta Kudu dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙaƙe kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, aka kai shi wajen 13 a 1936, sannan aka haramta auren gauraye a 1949. A Indiya tsarin mulkin 1950 ya soke ɗabi'ar ƙyamar taɓa wasu jinsin mutane, amma Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta shi kuma shi kansa daga cikinsu ya fito, tun a 1916 ya bayyana cewa hana aure a wajen rukunin da aka haifi mutum shi ne ginshiƙin wannan wariya. Launin fata alama ce kawai da ke sauƙaƙa tantancewa. Abin da ke riƙe mutum a ƙasa bayan an ce ya 'yantu shi ne wa ke da ƙasa, kuma wa zai auri wa.

Namu bai kai nasu tsauri ba, kuma rashin adalci ne a ce ɗaya suke. A shari'ar Musulunci ɗan da ubangida ya haifa da kwarkwararsa ɗa ne, yana gado, kuma sarakuna da dama a ƙasar Hausa 'ya'yan kwarakwarai ne. Bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe iko a fadar Kano da hakimai ke shakka. Ana sallah sahu ɗaya, ana cin tuwo kwano ɗaya, ana binnewa maƙabarta ɗaya. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta amsa ga mutanen Tuwat, wani yanki a Sahara, cewa baƙar fata ba hujjar bautar da mutum ba ce. Amma ba mu kuɓuta ba. Akwai gidajen da har yau ke rarrabe Fulani da Haɓe wajen ba da aure da neman sarauta. Kirarin farar mace alkyabbar mata shi ke cika shagunan man bilicin. Mahauta da makaɗa da maroƙa, a wasu garuruwan har da wanzamai da majema, suna shan irin tambayar da jikan bawa ke sha ko da ɗansu likita ne. A maƙwabta kuwa abin bai zama tarihi ba: a Oktoban 2008 kotun ECOWAS ta sami Jamhuriyar Nijar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta ce a biya ta sefa miliyan 10.

Malam, ɗan Baffa, ya ga yarinya a wani gari da ke kusa, 'yar wani mai shago. Suka daidaita. Aka kai na-gani-ina-so aka karɓa, aka kai kuɗin gaisuwar iyaye aka karɓa. Saura baiko da sa rana, amma kafin nan akwai bincike, kuma a nan ne irin wannan aure ke mutuwa. Yadda ake yi shi ne, dangin yarinya su tura mutum biyu, galibi baffanta da wata gwaggo, garin su yaron. Ba gidan su yaron suke zuwa ba. Namijin ya sauka wajen mai unguwa ko wani tsohon abokin kasuwa, macen ta shiga wajen tsofaffin mata, wani lokaci a tuntuɓi wanzamin garin tunda shi ya yi wa kowa aski da kaciya, ya san gidan kowa. A baki ana tambayar hali da sallah da sana'a, da ko akwai hauka ko kuturta ko sata a dangi. Sai a ƙarshe a sassauta murya a ce, "To, yaya asali?" Amsar ba ta wuce kalma huɗu ko biyar: "Ai bayin gidan wane ne." Mai faɗa ma sau da yawa ba da mugunta yake faɗa ba, gani yake amana aka ba shi.

Ba a taɓa gaya wa mutum dalilin a fuska. Bayan mako biyu aka dawo da kuɗin gaisuwa a cikin ambulan, ɗan aiken ya ce an yi istihara ba ta yi kyau ba. Wasu kan ce ashe kakanta ya riga ya yi mata miji a dangi. Gwaggon yarinyar ce ta faɗi gaskiya a bakin rijiya, ta ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

Baffa ya tafi wajen limamin garinsu bayan la'asar. Ya ce, "Allah gafarta malam, ina so ka gaya mini, ni bawa ne?" Liman ya ce, "Subhanallahi, Baffa, ko mahaifinka ba bawa ba ne." Ya ce, "To ɗana fa, me ya rage masa?" Liman ya yi shiru, sannan ya ce babu, a littafi babu. Kuma gaskiya ya faɗa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ake dubawa wajen dacewar miji shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure; Imamu Malik bai sa nasaba a ciki ba, ya kafa hujja da aya ta 13 a Suratul Hujurati. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa, ya kuma umarci Faɗima 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usama ɗan Zaidu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya ce wa Banu Bayada su aurar wa Abu Hindu su kuma aura daga gare shi, alhali Abu Hindu mai yin ƙaho ne, wanzami ke nan a wajenmu. Nafi'u, malamin da Imamu Malik ya ɗauki hadisan Ibnu Umar daga bakinsa, 'yantaccen bawa ne. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ma, sashe na 42, ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Liman ya yi alkawarin zai yi magana, ya kuma je, mahaifin yarinyar ya karɓe shi da girmamawa ya ce ai shi ba shi da ta cewa, 'yan'uwansa ne suka ƙi.

Mutane kan tambaya ko za a iya kai irin wannan ƙara. Ana iya kaiwa, amma a san iyakarta. Idan waliyyi ya hana mace auren wanda ya dace da ita ba da hujjar shari'a ba, alƙali na iya umartarsa, in ya ƙi ya ɗaura da kansa. Wannan ya fi sauƙi ga bazawara, ko budurwar da waliyyinta baffa ne ko wa. Uba a kan 'yarsa budurwa kuwa, Malikiyya ba sa ɗaukarsa mai hanawa don ya mayar da manemi, sai an tabbatar cutar da ita yake nufi. Sannan tunda ba ya furta dalilin, babu abin da za a kama. Yarinya kuma ba kasafai take yarda ta tsaya da ubanta a gaban alƙali ba. Shi ya sa maganar kan ƙare a zaure, kuma inda ake samun nasara shi ne idan an shawo kan baffanni da gwaggonni tun kafin a tura masu bincike, ba bayan an dawo da kaya ba, domin da zarar an dawo da kaya ya zama maganar mutunci, ba mai son a ce ya lashe amansa.

Abin da ya fi ci wa Baffa rai shi ne ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya tana aure a babban gida, mata ta uku, kuma 'ya'yanta babu mai tambayar asalinsu. Ƙofar a buɗe take ta ɓangare ɗaya: su ɗauki 'yarka, kai ba ka ɗaukar tasu. Malam daga baya ya auri 'yar kawunsa. Ƙanen Baffa, wanda ya sauke Alƙur'ani ya kuma yi littattafai a gabas, shekara da shekaru yana ladanci da karantar da yara, amma duk lokacin da limancin unguwa ya faɗi sai a tsallake shi. Salim, 'yantaccen bawan Abu Huzaifa, ya limanci Muhajirai a Ƙuba har da Umar a bayansa saboda ya fi su Alƙur'ani, kuma masu tsallakewar sun san wannan.

Sai maganar gona. Da aka shimfiɗa kwalta ta bakin garin, filayen gefen titi suka yi daraja, aka fara yanka fuloti. Magadan babban gida, waɗanda yawancinsu a birni suka tashi, suka zo suka ce gayaunar nan tasu ce, aro aka ba kakan Baffa. Shi kuma ya ce gidansu na noma ta fiye da shekara ɗari. Aka je kotu. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi: wanda ya riƙe ƙasa shekara 10 yana amfani da ita kamar mai ita, mai da'awa yana gari yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to da'awarsa ta faɗi, tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40. Da a ce wannan kaɗai ne, da Baffa ya ci. Amma hauzi ba ya aiki idan an tabbatar asalin riƙon aro ne ko haya ko jingina, komai tsawon zamani. Magadan suka kawo dattawa biyu suka shaida cewa kowace kaka ana kai dami. Aka tambayi Baffa, ya ce ƙwarai ana kaiwa, shi ma ya kai bara. Ya ce gaisuwa ce. Suka ce shaidar aro ce. Ba shi da takarda ko shaidar da ta ji an ce kyauta ce, domin waɗanda suka san yadda aka yi duk sun mutu. Gayaunar ta tafi. Ladabin da aka koya masa tun yana yaro shi aka kafa hujja da shi a kansa.

Gonar jigawa ta tsira, saboda dalilai uku da ya kamata duk mai irin wannan matsayi ya riƙe. Akwai tsofaffin da suka ga mahaifinsa na sare dajin, gidan dagaci ya tabbatar shi ya nuna masa wurin, kuma Baffa ya adana tsofaffin rasiɗan haraji da sunan mahaifinsa a cikin wani gwangwani. Magadan sun so su shigo ta wata ƙofa, suka ce ai ubangida na gadon bawan da ya 'yanta. Akwai wannan hukunci na wala'i, amma yana zuwa ne idan mamaci bai bar magajin jini da zai cinye dukiyar ba. Mutumin da ya bar 'ya'ya maza babu mai shiga gadonsa ta wannan hanya.

Gidajen da ke riƙe da gonar da ta samo asali daga gandu, lokacin gyara shi ne yanzu da dattawan ɓangarorin biyu ke raye kuma ƙasar ba ta yi tsada ba. A zauna a fayyace: kyauta ce, aro ne, ko za a saya. In kyauta ce a rubuta, da iyakoki ta gabas da yamma da kudu da arewa da sunayen maƙwabtan gona, shaidu biyu adilai daga kowane ɓangare su sa hannu, mai unguwa da dagaci su buga hatimi. Daga nan a nemi takardar mallaka ta gargajiya a ƙaramar hukuma, wadda dokar filaye ta 1978 ta ba ikon bayarwa a ƙasar karkara. In za a ci gaba da kai dami don zumunci, a rubuta a takardar cewa ba haya ba ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne jin nauyi: ana ganin tayar da maganar rashin kunya ne ga gidan da ya riƙe ka, sai a bari har dattijon da zai ce "na bar muku" ya mutu, a wayi gari da jikokin da ba su san kowa ba.

Jikokin Baffa da ke birni sun bi hanyar da dubban irinsu suka bi. Suna amfani da sunan unguwar da suke zaune a madadin sunan ƙauyen, ba sa kai abokai gida da sallah, wasu ko 'ya'yansu ba su gaya wa ba. Birni na ɓoye mutum, kuɗi da ilimi suna rufe baki da yawa, amma kuɗin da ake biya shi ne yanke zumunci da tsofaffin da suka yi wahalar karantar da su. Baffa ya san dalilin da ya sa ba sa zuwa, bai kuma taɓa yi musu faɗa ba.

Da ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyar da mata huɗu, da eka huɗun nan na jigawa. Matar ta ɗauki tumuni, rabin eka. Sauran eka uku da rabi aka kasa kashi 14, kowane namiji ya sami rabin eka, kowace mace rubu'i. Rabin eka a jigawa ba ya ciyar da gida wata uku, don haka suka yarda kada a datsa gonar: biyu daga cikin mazan ke nomawa, suna auna wa sauran rabonsu da kaka, Malam kuma ya kai takardun ƙaramar hukuma aka yi rajistar gonar da sunayen magadan su goma.